Yadda Za a Kyautata Aiki da Tsayar da Adalci a Kamfanonin Kula da Tsofaffi da Naƙasassu a Ingila

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya shiga aikin kula da tsofaffi a Ingila, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne yadda hidimar da 'ya'ya da jikoki da surukai ke yi a cikin gida a wajenmu ta zama sana'a mai lasisi da kwangila da sufetoci. Abu na biyu, wanda yakan ɗauki lokaci kafin a gane shi, shi ne ba gwamnati ce ke gudanar da mafi yawan wannan aiki ba. Asibitocin NHS na gwamnati ne, kuma kyauta ake duba mara lafiya a cikinsu, amma wankan tsoho da ciyar da shi da juya shi a kan gado, galibi kamfanoni masu neman riba da ƙungiyoyin agaji ne ke yi, ƙananan hukumomi su biya su, ko kuwa tsohon ya biya daga aljihunsa. Tsarin ya kafu ne bayan dokar 1990 ta NHS da kula da jama'a a cikin al'umma, wadda ta mayar da ƙananan hukumomi masu sayen hidima bayan a da su ne masu yin ta. A yau sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke cin abinci a wannan fanni a Ingila, kuma mafi yawansu a ƙarƙashin masu zaman kansu suke.

Tun daga Fabrairun 2022, lokacin da aka buɗe wa ma'aikatan kula daga ƙetare ƙofar biza saboda guraben aikin da babu kowa a cikinsu sun kai 165,000, dubban 'yan Najeriya da 'yan Ghana suka shigo wannan aiki. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu sun zama shugabannin ma'aikata, wasu mataimakan manaja, wasu ma sun yi rajistar ƙaramin kamfaninsu na zuwa gida-gida. Da su nake magana a nan. Abin da nake so su riƙe shi ne, ingancin kulawa da adalci igiya ɗaya ce ta ɗaure su: ma'aikaciyar da aka ci haƙƙinta da asuba ba za ta iya yi wa tsohuwa wanka cikin natsuwa da hantsi ba, komai kyan zuciyarta. Saboda haka gyara yana farawa ne daga takardu biyu da sufeto ba ya cika fara tambaya, wato jadawalin aiki da takardar albashi.

Fara da jadawalin aiki

Ɗauki jadawalin ma'aikaciya ɗaya na yini guda, ka shimfiɗa shi a kan tebur tare da taswirar gari. Idan ka ga an rubuta cewa za ta bar gidan farko da ƙarfe bakwai da rabi, kuma za ta shiga gida na biyu da ƙarfe bakwai da rabi ɗin, alhali tsakaninsu akwai tafiyar minti goma sha biyar a bas, to ka san jadawalin ƙarya yake yi, kuma wani ne zai biya kuɗin wannan ƙarya. Na taɓa riƙe irin wannan jadawali a hannuna a wani kamfani da na yi wa aiki, cikin sanyin watan Janairu. Tsohuwar da na fara zuwa wurinta takan ɗauki kusan minti goma kafin ta iya zama a bakin gado, domin gwiwoyinta sun sandare da dare, kuma idan aka gaggauta ta jiri ke ɗibanta. Bayan haka ga banɗaki, ga wanke jiki, ga shafa mai a ƙafafu, ga sutura, ga shayi da burodi, ga magani, ga rubuta rahoto. Minti talatin aka ware mata. Kullum sai na zaɓi ɗaya: ko in bar ta da shayin da ba ta ƙarasa sha ba, ko in bar dattijon gida na biyu yana kwance cikin jiƙaƙƙen ƙyalle yana duban agogo. Laifin ba na tsohuwar ba ne, ba kuma na dattijon ba. Yana ofishin da aka tsara jadawalin.

Gyaran a bayyane yake, ko da yake yana cin kuɗi. Ka sa lokacin tafiya a cikin jadawali a matsayin lokaci mai zaman kansa, ka auna shi da yadda ma'aikaciyar ke tafiya da gaske, domin wadda ke hawa bas ba daidai take da mai mota ba. Ka tara gidajen da ke unguwa ɗaya a hannun mutum ɗaya. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta faɗa a jagoranta na 2015 cewa kada ziyara ta gaza rabin awa sai idan tsohon ya san ma'aikacin, kuma ziyarar ɓangare ce ta wani tsari mafi faɗi, kuma aikin da za a yi ƙayyadadde ne da zai ƙare cikin lokacin. Ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ma ta fitar da yarjejeniyar kulawa ta gaskiya a 2012, wadda ƙananan hukumomi da dama suka sa wa hannu, tana neman a biya lokacin tafiya kuma a daidaita tsawon ziyara da buƙatar mutum. Idan ƙaramar hukuma ta ba ka minti goma sha biyar don wanka da karin kumallo, rubuta mata cewa ba zai yiwu ba, ka haɗa da rahoton kwanaki goma da ke nuna ainihin mintunan da aikin ya ci, ka nemi a sake duba buƙatar mutumin kamar yadda Dokar Kulawa ta 2014 ta tanada.

Daga nan sai ka koma kan albashi da alƙalami a hannu. Lokacin tafiya tsakanin gida da gida lokacin aiki ne a idon dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama a Afrilun 2025. A ce kana biyan fam 13 a kowace awar da aka yi a cikin gida, kana ganin ka wuce doka. Ma'aikaciya ta yi ziyara takwas, kowace minti 45, awa shida ke nan, fam 78. Amma ta yi tafiya sau bakwai a tsakani, kowace minti 15, wato awa ɗaya da minti 45. Idan aka raba fam 78 a kan awa bakwai da minti 45, abin da ta samu bai wuce fam 10 da 'yan kwabbai a awa ba. Ka karya doka ba ka sani ba, kuma hukumar haraji ta HMRC tana da ikon bin bashin har shekara shida baya, ta ɗora tarar da za ta iya ninka bashin biyu, gwamnati kuma ta buga sunan kamfaninka. Yi wannan lissafi ga kowane ma'aikaci a kowane wata, kada ka bar wa manhajar biyan albashi, domin manhaja abin da aka zuba mata take ƙirgawa.

Akwai wurin da doka ta yi sassauci amma adalci bai yi ba. A Maris 2021 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ma'aikacin da ke kwana a wurin aiki ba dole ba ne a biya shi mafi ƙarancin albashi a awannin da yake barci, sai waɗanda ya farka ya yi aiki. A ganina manaja mai mutunci zai duba rahoton dare da kansa: idan ana tashin mutum sau uku ko huɗu kowane dare, wannan ba kwana ba ne, aikin dare ne, kuma a biya shi a matsayin haka. Haka nan kwangilar da ba ta lamunce wa ma'aikaci ko awa ɗaya ba. Doka ta daɗe tana ƙyale ta, amma ita ce ke korar ƙwararru zuwa kantuna da rumbunan ajiye kaya. Duk wanda ya yi wata uku yana aikin awa talatin a mako, ba shi kwangilar da ta rubuta awannin nan. Ribar da za ka samu ita ce tsohon da ke fama da cutar mantuwa zai riƙa ganin fuska uku ko huɗu da ya saba da su, a maimakon baƙi goma sha biyar a wata, kuma wadda ta saba da shi ce za ta lura yau bai taɓa abincin da yake so ba, ta kira likita kafin ciwon mafitsara ya kai shi asibiti.

Ma'aikatan da suka zo daga ƙetare

Wannan ɓangare yana da ɗaci, domin da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta 'yan'uwanmu ne, kuma wasu daga cikin azzaluman ma daga cikinmu suke. Mutane sun sayar da filaye da motoci sun biya dillalai miliyoyin naira don takardar ɗaukar nauyi, wato shaidar da kamfani ke bai wa ma'aikaci don ya sami bizar aiki, suka sauka a Ingila suka tarar babu aiki, ko akwai na awa goma a mako. Gwamnati ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin ɗaukar nauyi sama da 470 a wannan fanni. A Maris 2024 aka hana sababbin ma'aikatan kula zuwa da iyalansu, sannan a ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga ƙetare gaba ɗaya, aka bar waɗanda ke cikin ƙasa su ci gaba da sabuntawa ko sauya ma'aikata na wani wa'adi. Ma'anar wannan ita ce ma'aikacin da ke hannunka yau yana cikin tsoro, domin idan ya rasa mai ɗaukar nauyinsa, kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar, kuma mai tsoro ba ya buɗe baki ko da ya ga ana cutar da tsoho.

Ga abin da za ka yi. Kada ka karɓi ko kwabo daga ma'aikaci don takardar ɗaukar nauyi, kada kuma ka yi hulɗa da dillalin da ke karɓa. Dokar hukumomin samar da aiki ta 1973 ta hana cajin mai neman aiki, kuma ƙa'idojin ma'aikatar cikin gida sun hana ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi da na takardar. Ka kira kowane ma'aikaci shi kaɗai, ka tambaye shi ko ya biya wani kafin ya zo, ka tabbatar masa amsarsa ba za ta taɓa aikinsa ba. Albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyi alkawari ne, wajibi ka biya shi ko ka sami isassun gidajen zuwa ko ba ka samu ba, kuma a Afrilun 2025 mafi ƙarancinsa ya kai fam 25,000 a shekara. Fasfo na mai shi ne; riƙe shi yana cikin alamomin da masu bincike ke nema a ƙarƙashin dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015. Idan ka kashe kuɗin jirgi ko na horo kana so a mayar maka idan mutum ya tafi da wuri, rubuta adadin a fili tun farko, ya zama daidai da abin da ka kashe, yana raguwa da tsawon zama, kuma ka yafe shi idan rashin lafiya ko mutuwa a gida ko cin zarafi ne ya sa ya tafi. Idan kai ne ka ba shi ɗaki, kada haya ta zama sarƙa. Kuma idan kana da gurbi, fara neman waɗanda aka soke lasisin kamfaninsu suna zaune ba aiki, domin an kafa cibiyoyin yanki don haɗa su da masu ɗauka.

Wani abu da manajoji ke kauda kai a kansa shi ne wariyar da ma'aikaci baƙar fata ke fuskanta daga wanda yake yi wa hidima ko daga danginsa. Idan cutar mantuwa ce ke magana, a yi haƙuri, a canza dabara, a kuma zauna da ma'aikacin a saurare shi. Idan kuwa ɗan tsohuwa ne mai cikakken hankali ya bugo waya yana cewa kada a sake turo masa 'yar Afirka, bai kamata ka gyara jadawali shiru don a zauna lafiya ba. Faɗa masa a rubuce cewa kamfani ba ya raba ma'aikata da launin fata, kuma dokar daidaito ta 2010 ba ta yarda da haka ba. Buƙatar mace ta ce mace kaɗai za ta yi mata wanka daban ce, wannan kunya ce da mutunci, kuma mu da muka fito daga inda muka fito mun fi kowa sanin nauyinta.

Kuɗin masu zama da gaskiyar farashi

A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin kulawarsa gaba ɗaya, wanda kuma ta gaza fam 14,250 ba a taɓa jarinsa sai dai kuɗin shigarsa, kuma waɗannan iyakoki ba su motsa ba tun 2010. Idan mutum ya koma gidan kulawa dindindin, ana lissafa darajar gidansa a cikin dukiyar bayan makonni 12 na farko, sai dai idan matarsa ko mijinta na zaune a ciki. Kwamitin Dilnot ya ba da shawara a 2011 a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a rayuwarsa. An sanar da iyakar fam 86,000 a 2021, aka ɗage ta, sannan aka soke ta a Yulin 2024. Saboda ƙananan hukumomi na biyan farashi ƙasa da abin da aikin ke ci, gidaje da yawa suna cike giɓin daga aljihun masu biya da kansu. Hukumar kula da gasa da kasuwanni ta CMA ta gano a rahotonta na 2017 cewa masu biya da kansu suna biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙaramar hukuma ke biya a gida ɗaya. Mata biyu a ɗakuna maƙwabta, abinci ɗaya, ma'aikata ɗaya, ɗaya kuma tana ɗauke da nauyin ɗayar ba tare da an taɓa gaya mata ba.

Ƙaramin kamfani ba zai iya gyara wannan shi kaɗai ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Na farko, ka san ainihin abin da awa ɗaya ko gado ɗaya ke ci: albashi, lokacin tafiya, kuɗin mai, hutu, fansho, inshorar ƙasa, horo, safar hannu, haya, inshora, da 'yar ribar da za ta riƙe kamfani. Ƙungiyar Homecare Association, ta kamfanonin zuwa gida-gida, tana fitar da mafi ƙarancin farashin awa kowace shekara tare da bayanin yadda ta lissafa, ka gwada naka da nata. Idan kwangilar da aka miƙo maka ta gaza wannan adadi, ƙin karɓarta ya fi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan da albashin ma'aikatanka da mintunan tsofaffi za a yi shi. Na biyu, ka rubuta farashinka a fili inda kowa zai gani kafin ya sa hannu, da abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, kamar gyaran gashi da yankan farce da rakiya asibiti. Ƙarin farashi ya kasance da dalili rubutacce da sanarwar aƙalla kwana 28. Idan mai zama ya rasu, shawarar CMA ta 2018 ita ce kada a ci gaba da cajin iyali fiye da kwana uku a al'ada. Aika wa masu makoki takardar kuɗin wata guda abin kunya ne ko da kwangila ta ba da dama. Idan kuma ƙaramar hukuma ce ke biya kana neman ciko daga dangi, sai da rubutacciyar yarjejeniya da hukumar ta sani, kuma ka gaya wa dangin gaskiya cewa wajibin hukuma ne ta nuna musu aƙalla wuri ɗaya da ba ya buƙatar ciko.

Ka kuma kiyayi bashi. Kamfanin Southern Cross, wanda ke da gidaje kusan 750 da mazauna kimanin 31,000, ya durƙushe a 2011 bayan ya sayar da gine-ginensa ya koma yana hayarsu, haya na hawa kowace shekara yayin da kuɗin da ƙananan hukumomi ke biya ya tsaya cik. Darasin ya shafi mai gida ɗaya kamar yadda ya shafi mai ɗari bakwai.

A bakin gado

Tsarin kulawa na kowane mutum ya kamata baƙuwar ma'aikaciya ta karanta shi cikin minti biyar ta san wanda za ta shiga wurinsa: sunan da yake so a kira shi da shi, gefen da yake kwanciya, ko yana shan shayi da madara, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi. A rubuta shi tare da mutumin da danginsa, a sake duba shi duk lokacin da ya faɗi, ko ya dawo daga asibiti, ko nauyinsa ya ragu. Idan Musulmi ne, a rubuta lokutan sallarsa, da yadda za a taimaka masa da alwala ko taimama, da inda alƙibla take a ɗakinsa, da abincin halal, da abin da likita ya ce game da azumi da maganin ciwon suga, da wanda za a kira idan ajali ya zo don a gaggauta jana'iza. Haka za a yi wa Bayahude da Basikhe da Kirista da wanda ba ya bin kowane addini, kowa da abin da ya ɗauka da girma.

Dokar ikon yanke hukunci ta 2005 tana da wuyar haɗiya ga wanda ya saba da cewa iyali ke yanke wa tsoho shawara, amma tana da hikima. Ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka a kan takamaiman al'amari, kuma zaɓin da kai kake ganin wauta ne ba hujja ba ce ta rashin hankali. Dattijon da ya ƙi wanka yau yana da ikon ƙi; aikinka ka dawo bayan awa ɗaya da wata dabara, ka rubuta abin da ya faru. Ɓoye magani a cikin abinci kuwa ba ya halatta sai an tabbatar mutum ba zai iya yanke hukunci ba, likita da mai haɗa magani da dangi sun zauna sun amince cewa maslaharsa ke nan, an kuma rubuta.

Abubuwa uku nake dubawa idan ina so in san gaskiyar gida. Takardar rajistar magani: gurbin da babu sa hannu yana nufin ko ba a bayar ba ko an bayar ba a rubuta ba, kuma duka biyun haɗari ne, don haka a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a gwada da takarda kowane mako. Fata: ja a ƙugu ko dunduniya da ba ya gushewa idan an danna shi da yatsa farkon gyambon kwanciya ne, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa, sai a lura da wurin da ya ƙara duhu ko ya yi ɗumi ko ya taurara, kuma wannan abu ne da horo da yawa ke tsallakewa. Sai kofin ruwa: idan yana cike a kan teburin da hannun mai shi ba ya kaiwa, rahoton shan ruwa ba shi da amfani komai kyan rubutunsa. Takardar shaidar kulawa da aka ƙaddamar a 2015, da binciken tarihin laifi na DBS, da horo kan naƙasar koyo da otizam wanda dokar 2022 ta wajabta, duk matakan farko ne, amma horon da aka yi a waya ana danna amsa bai isa ba sai babba ya tsaya ya ga sabon ma'aikaci yana ɗaga mutum da na'ura da idonsa.

Buɗe ƙofa ga koke

A 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ma'aikata ke dukan masu naƙasar koyo suna wulaƙanta su a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol. Abin da ya fi ciwo shi ne wani babban nas ya riga ya kai ƙara ga shugabannin wurin da hukumar sa ido ta CQC, ba a saurare shi ba. An hukunta ma'aikata 11, shida sun tafi kurkuku. A 2019 aka sake ganin irin haka a wani asibitin, Whorlton Hall. Wuraren da ake irin wannan ɓarna suna kama da juna: nesa da idon jama'a, dangi ba sa zuwa, ma'aikata sun zama ƙungiya mai rufa wa juna asiri, manaja kuma yana ofis. Maganinsa shi ne ka shigo da ƙarfe uku na dare ba sanarwa aƙalla sau ɗaya a wata, ka ci abincin da mazauna ke ci a teburin da suke ci, ka bar ƙofa a buɗe ga masu ziyara kamar yadda ƙa'idar Afrilun 2024 ta wajabta. Ka liƙa a ɗakin ma'aikata yadda za su kai rahoto kai tsaye ga sashen kariya na ƙaramar hukuma ko CQC ba tare da sun bi ta kanka ba, ka sanar da su cewa dokar 1998 tana kare mai fallasa ɓarna, ka kuma nuna a aikace cewa wanda ya yi magana ba a rage masa awanni.

Idan kuskure ya auku ya cutar da mutum, ƙa'idojin 2014 sun wajabta ka gaya masa ko danginsa da gaggawa, ka bayyana abin da ka sani, ka ba da haƙuri, ka biyo da wasiƙa. Ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne a shari'a, kuma dangi sun fi yafe kuskuren da aka faɗa musu a kan wanda suka tono da kansu. Kowane koke a ba shi lamba da ranar amsa, a ƙarshen wasiƙar kuma a rubuta cewa wanda bai gamsu ba zai iya zuwa ofishin mai sauraron koke-koke na ƙananan hukumomi da kulawa, wanda tun 2010 yake karɓar ƙarar masu biya da kansu ma. Kada a taɓa korar mai zama ko hana ɗansa ziyara don ya yi ƙorafi.

Ita CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tambayoyi biyar take yi: ko wurin na da aminci, ko kulawar na aiki, ko ana tausayi, ko ana amsa buƙatun mutane, ko shugabanci na da kyau, sannan ta ba da ɗaya daga cikin daraja huɗu, daga fitacce zuwa wanda bai isa ba. Binciken da Dakta Penny Dash ta yi a 2024 ya nuna hukumar kanta ta yi rauni, har wasu wurare sun yi shekaru ba a leƙa su ba, don haka darajar da ke rataye a ƙofarka tana iya zama labarin jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wata ka zaro fayil uku ba tare da zaɓi ba, ka bi kowanne tun daga tsarin kulawa zuwa rahoton yini, zuwa takardar magani, zuwa jadawalin wanda ya yi ziyarar, zuwa takardar albashinsa, sannan ka je ka zauna da mai fayil ɗin ka tambaye shi ko abin da aka rubuta shi ne abin da ya gani. Abin da ka gano ka rubuta shi da sunan wanda zai gyara da ranar da za a gama, ka karanta shi a taron ma'aikata na gaba.

Ƙudurin haƙƙin ma'aikata da gwamnati ta gabatar wa majalisa a Oktoban 2024 ya ƙunshi kafa zauren da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago za su yi yarjejeniyar albashi ta fannin kulawa baki ɗaya, kuma kwamitin nazarin gyara fannin kulawa ƙarƙashin Louise Casey da aka sanar a Janairun 2025 zai miƙa rahotonsa na ƙarshe nan da 2028. Kafin waɗannan su iso, ka lissafa yau abin da ƙarin fam ɗaya a awa zai ci wa kamfaninka a shekara, haɗe da fansho da inshorar ƙasa da kuɗin hutu, ka kai wannan adadi teburin jami'in kwangila na ƙaramar hukumarka kafin su rufe kasafin kuɗinsu a watan Fabrairu ko Maris, tare da sauran ƙananan kamfanonin yankinku idan za su yarda ku tafi tare.